Ƙahon Rago a Keken Ilu

Gumel,
Laraba, 9 ga Agusta.

Zuwa ga maiɗakina Asama'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi, ya sa kaffara ne, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Ki tuna mata cewa ƙwayar da na aiko bayan abinci ake shan ta. Sau biyu na karanta takardar cikin kwalin kafin in faɗi haka. Na sake ba direba saƙo ne tun da har yanzu waya ba ta shiga ƙauyenku sai an fito bakin titin Sule Tankarkar.

Aikin da na ba ki labarinsa ya kammala. Kekuna bakwai ne, irin na gwanjon nan masu faɗin taya, waɗanda aka ƙera don hawan duwatsu, mu da ba mu da dutse muke keta yashi da su. Kansu na asali miƙaƙƙe ne kamar sanda. Samarin Gumel masu tseren keke suka ce in cire shi in sa musu mai lanƙwasa zuwa ƙasa, wanda suke kira ƙahon rago, domin mahayi ya sunkuya iska ta bi ta bayansa. Shi wannan kai da nasa hannuwan birkin yake zuwa, don haka sai da na sauya su duka.

Ban yi aikin da ka ba. Ɗan kasuwar Damagaram da ya kawo kayan ya haɗo min da wata ƙasida mai shafi goma sha shida, da Faransanci da zane-zane. Na sa an fassara min, na rubuta Hausar da fensir a ƙarƙashin kowane layi, na bi ta daki-daki. Da na gama na kifa kowane keke, na juya taya da hannu, na matsa birki, ta tsaya cak. Sau goma-goma na yi wa kowanne. Ban hau ba, kin san halin gwiwata, kuma bai dace a ga ɗan shekara hamsin da ɗaya ya dunƙule a kan keke a tsakiyar gari ba.

Jibi Juma'a da safe ne tseren, daga Gumel zuwa Maigatari, tsakanin samarinmu da na Gagarawa. Raina bai kwanta ba. Ɗazu Baffa, manomin nan na Gagarawa da ya ci tseren bara, ya zo sayen tub, ya tarar da Ilu mahauci, ɗaya daga cikin masu kekuna bakwai ɗin, a rumfata. Ilu ya dubi miƙaƙƙen kan keken Baffa ya ce, "Manomi, wannan keke ne ko garma?" Baffa ya ce, "Garmar ce za ta riga ka shiga Maigatari. Ka iso ka tarar na ci tuwo na wanke hannu." Aka yi dariya. Yayan Ilu, Ɗantsoho, bai yi ba. Ya zaro wuƙar fawa ya kafa ta a bencina har ƙota tana rawa, ya ce duk wanda ya taɓa masa ƙane a hanya, yadda yake feɗe akuya haka zai feɗe shi.

Kafin su tafi Ilu ya yi ƙorafin robar birki tana gogar wili tana rage masa gudu. Gaskiya ne, na matso da ita ƙwarai. Na sassauta masa noti juyi ɗaya da rabi, na sake gwadawa a kife, ta tsaya.

Ki gaida mutanen gida. Ki sa ni a addu'a.

Mijinki,
Mu'azu

*

Gumel,
Asabar, 12 ga Agusta.

Zuwa ga maiɗakina Asama'u,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, Inna kuma tana samun sauƙi. Ni lafiyata lau, babu abin da ya taɓa jikina; na fara da wannan ne domin na san labari zai riga takardata isowa, kuma zai iso a karkace.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ilu ya yi haɗari.

Ina biye da su a kurkura da akwatin kayan aikina, don haka a idona aka yi. Ilu ne a gaba, Baffa na binsa da tazarar kamar taku ashirin. A daidai shiga Maigatari wata babbar motar shanu ta fito daga layin kara, wajen kasuwar dabbobi, ta gitta titi. Ilu ya sunkuya, kansa a ƙasa, bai gan ta da wuri ba, amma ya gan ta. Na ga ya ɗago, na ga yatsunsa sun matse birki biyu. Keken bai rage gudu ba, Asama'u. Ya shige ƙarƙashin motar kamar an jefa shi. Baffa da ke bayansa ya taka nasa birkin ya tsaya lafiya.

Tayar baya ta bi ta kan ƙafar Ilu ta hagu. Ba zan rubuta miki yadda ta koma ba. Na cire tub daga akwatina na ɗaure cinyar sama da raunin, na saka sifana na murɗa har jinin ya ragu. Yana kallona yana cewa, "Malam, na matsa, wallahi na matsa." An kai shi asibiti a nan, daga nan aka wuce da shi Kano. Yau da hantsi aka aiko cewa an yanke ƙafar daga gwiwa.

Tun motar asibiti ba ta ɓace ba wani ya ɗaga tarkacen keken ya shafa wili, ya nuna yatsansa baƙi ƙirin, ya ce mai ne. Wani ya ce ai ya ga Baffa riƙe da keken Ilu kafin a tashi, lokacin da Ilu ya je shan ruwa. Shi ke nan. Baffa na durƙushe yana salati Ɗantsoho ya sauke masa famfon keke a ƙeya. Mahauta suka rufe shi da duka, da ƙafa da sarƙar keke. Na ji ƙarar haƙarƙarinsa daga inda nake. Ɗantsoho ya kama kunnensa na dama ya yanke rabi ya yar a titi. 'Yan Gagarawa suka ɗebo duwatsun aikin kwalbati, aka fasa kawuna huɗu, aka farfasa gilashin motar shanun, direban ya gudu ya bar shanu suna ta ɗimauta a ciki. Da ƙyar wasu fatake suka ja Baffa cikin wani shago suka rufe ƙofa.

Ni kuwa ina tsaye riƙe da akwati, hannuna duk jinin Ilu, ina kallo.

Na kasa cin abinci. Duk sanda na rufe ido yatsun nan nake gani a kan birki. Ina ta gaya wa kaina cewa na gwada sau goma.

Kada ki taso, Inna ta fi bukatarki. Ki gaishe ta da jiki.

Mijinki,
Mu'azu

*

Gumel,
Laraba, 16 ga Agusta.

Zuwa ga maiɗakina, abokiyar sirrina Asama'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na samu amsarki da ƙullin yajin da kika aiko, na gode, Allah ya yi miki albarka. Na yi murna da jin Inna ta fara zama da kanta. Wannan takarda ki karanta ta ke kaɗai.

Ranar Lahadi da safe Ɗantsoho ya kawo min tarkacen keken, ya jefar a gaban rumfa, ya ce ni ne masani, in duba in shaida wa mutane abin da aka yi wa ƙanensa. Ya ce zai dawo bayan azahar.

Na duba. Man da ke wilin baƙin man inji ne, a gefe ɗaya kawai yake, kuma har a sirdi da feda akwai shi. Daga cikin motar ya zuba bayan karon. Wanda zai shafa mai don mugunta ba zai shafa wa sirdi ba.

Daga nan na ɗauko ƙasidar na ajiye ta kusa da keken, na dubi zanen da ke shafi na tara kamar ban taɓa ganinsa ba. Birkin da aka zana gajerun hannuwa gare shi, irin na tsofaffin kekuna. Na kekunan da na yi wa aiki dogaye ne, tsaye a gefen taya. Na ga wannan bambanci tun farko, na ɗauka na ƙira ne kawai. Sai na ɗauko rula na auna. Hannun birkin asali, wanda na cire, in an matsa shi yana jan waya mai tsawo. Wanda ya zo da ƙahon rago rabin haka yake ja. Dogon birki kuwa doguwar ja yake so. Ma'ana, muddin robar tana manne da wili zai kama. Da zarar ta ɗan ci, ko sabuwar waya ta miƙe, ko wani wawa ya sassauta noti juyi ɗaya da rabi, hannun birki zai taɓa ƙarfen kai tun robar ba ta ciji wili ba. Tayar da ke juyawa a sama babu nauyin kowa, ko da yatsa aka taɓa ta za ta tsaya. Abin da na yi ta gwadawa ke nan sau goma-goma.

Ni ne, Asama'u. Babu hannun Baffa.

Bayan azahar Ɗantsoho ya dawo da mutum shida. Ya tsaya a kaina, warin jini da kitse a rigarsa, ya ce, "Malam, kalma ɗaya nake so. Wannan baƙin abin, mai ne ko ba mai ba ne?" Na dubi gurbin da wuƙarsa ta bari a bencina. Na ce, "Mai ne." Ban yi ƙarya ba, kuma ban taɓa yin ƙaryar da ta kai wannan muni ba. Ya dafa kafaɗata ya ce Allah ya saka min.

Jiya Talata suka tafi Gagarawa a kan babura. Ba su samu Baffa ba, an ɓoye shi a gidan kawunsa. Suka samu shanunsa na huɗa guda biyu a ɗaure a bakin gona, suka datse musu agara, suka bar su suna jan gindi a ƙasa suna kuka har sai da mahaifinsa ya zo ya yanka su da hannunsa. Suka fasa injin ban-ruwansa. Da la'asar aka tare wata motar haya ta Gumel a hanyar Gagarawa, aka fito da direban aka karya masa hannu, mutumin da ko sunan Ilu bai sani ba.

Dattawan garuruwan biyu sun sa zama ranar Litinin a ƙofar gidan mai unguwarmu. Za a kawo Baffa ya rantse cewa ba shi ya shafa wa wilin mai ba. Ɗantsoho yana faɗa a mahauta, ba a ɓoye ba, cewa ya rantse ko kada ya rantse, da ƙafa ɗaya Baffa zai koma gida.

Na karɓo sauran kekuna shidan da sunan zan yi musu gyaran bayan tsere, na kulle su da sarƙa. Wannan kaɗai na iya. Kin san ni. Kin san ko kaza ba na iya kallon ana yankawa. In na yi shiru, babu mai rula a garin nan da zai auna abin da na auna. In na yi magana, kin ga abin da aka yi wa kunnen Baffa a kan zato kawai.

Ban tambaye ki abin da zan yi ba, domin na san amsarki, kuma tsoronta nake ji. Ki yi min addu'a kawai.

Mijinki,
Mu'azu

*

Gumel,
Alhamis, 24 ga Agusta.

Zuwa ga maiɗakina Asama'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kina lafiya, da Inna da dukan mutanen gida. Ki yi haƙuri da munin rubutun nan, da hagu nake yi, kuma kwana biyu na ɗauka a kansa. Ina raye, ina cin abinci, maƙwabta suna kula da ni.

Ranar Litinin na fito da ɗaya daga cikin kekuna shidan, na sassauta notinsa juyi ɗaya da rabi daidai yadda na yi wa na Ilu, na tura shi zuwa ƙofar mai unguwa. Sau uku na tsaya a hanya. A na ukun har na juya kan keken.

Na tarar an cika. Baffa na zaune a tabarma tsakanin mahaifinsa da kawunsa, kansa naɗe da bandeji, yana numfashi da ƙyar saboda haƙarƙari. Mahauta sun yi layi a jikin katanga, kowanne da hannu a cikin riga. An kawo ruwan alwala ke nan na ce a dakata, ina da magana.

Na yi bayani kamar yadda na tsara: zanen shafi na tara, dogon birki da gajere, rula, juyi ɗaya da rabi. Asama'u, babu wanda ya gane. Wani dattijo ya ce in ajiye karatun boko a gama rantsuwa. Ɗantsoho ya yi dariya ya ce, "Malam, 'yan Gagarawa sun tsorata ka ne? Ba kai ka ce mai ne ba? Kawo keken." Ya kifa shi, ya juya taya, ya matsa birki, ta tsaya cak. Ya ɗaga hannu ya ce, "Jama'a, ga birkin da ba ya kamawa!" Aka yi sowa. Na ga biyu daga cikin yaransa sun fara zagayawa ta bayan Baffa.

Sai na karɓi keken na mayar da shi kan tayoyinsa. Na tura shi har ƙarshen layi, wajen rijiya, na naɗe riga, na hau. Shekara tara rabona da feda. Na sunkuya na kama ƙahon, na ce su dubi yatsuna kada su dubi fuskata. Na taka iyakar ƙarfina na nufi katangar mai unguwa. Mutane suka dare. Saura taku goma sha biyar na matse birki biyu har suka haɗe da ƙarfe, na riƙe su a haka domin kowa ya gani.

Ban san ƙarar da na yi ba, an ce har mahauta an ji. Na farfaɗo a ƙasa, goshina a fashe, haƙora biyu a cikin bakina, kafaɗata ta goce. An ce ko da aka ɗaga ni yatsuna na dama suna nan a matse da birkin.

Mahaifin Baffa ne ya fara magana. Ya tsuguna kusa da ni ya ce, "Malam, yaushe ka san wannan?" Na tofar da jini na ce ranar Lahadi da safe. Ya ce, "Shanuna ranar Talata aka sare su." Na ce na sani. Ya miƙe ya karkaɗe rigarsa. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Sannan Ɗantsoho ya iso. Bai yi ihu ba. Ya ce, "Ƙanena yana ce maka ya matsa, kana ɗaure masa ƙafa kana jinsa." Ya taka wuyan hannuna na dama a kan dakalin ƙofar, ya zaro babbar sifana daga aljihuna, ya ce, "Wannan ne hannun da ya juya notin?" Sau huɗu ya sauke ta. Na ƙirga. Sauran suka shigo da ƙafa, ta ciki, ta baya, ta fuska. Mai unguwa da liman suka faɗa kaina suka rufe ni da jikinsu, har liman ya samu nasa rabon a gadon baya, sannan aka janye su. Hukuma ta zo daga baya ta tafi da Ɗantsoho da mutum uku, saboda shanun da kunnen da hannuna. An ce in shigar da ƙara a kan nawa, na ce ba ni da ƙara.

Ina kwance a dakalin na ga an kama Baffa an tayar da shi. Ya taka da ƙafafunsa biyu har bakin motar da za ta mayar da su Gagarawa. Ya wuce ta gabana bai dube ni ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Likita ya ce yatsu uku ba za su sake lanƙwasuwa ba. Kekuna biyar ɗin da suka rage na sa an kira masu su, na zauna ina faɗa suna yi, kowa ya mayar da miƙaƙƙen kansa da hannun birkinsa na asali, kuma babu wanda ya bar rumfar sai da ya hau ya yi gudu ya tsaya a gabana. Ilu yana Kano har yanzu. An gaya masa. Bai aiko da komai ba, ni ma ban san da wane baki zan nemi gafararsa ba, amma da zarar na iya zama a mota zan je in tsaya a gabansa.

Abu ɗaya nake roƙonki. Na san 'yan'uwanki, saboda ƙaunar da suke min za su ce zaluntata aka yi, za su ce sharrin mahauta ne, wataƙila wani ya ce zai ɗauko sanda. Kada ki bar maganar ta tafi a haka ko sau ɗaya. Duk wanda ya tambaye ki abin da ya samu mijinki, ki ce birkin da ya ɗaura ne bai kama ba, ya sani, ya yi shiru kwana takwas.

Ki gaida Inna, ki ce ta sa ni a addu'arta. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mijinki,
Mu'azu